Unguwa ta ce ba ta so, kotu ta ce a gina: yadda aka yi a Tecoma

Wai me ya faru a can?

Tecoma ƙaramin gari ne a yankin tsaunukan Dandenong, gabas da birnin Melbon na ƙasar Ostireliya. A 2011 kamfanin McDonald's ya nemi izinin gina reshe a garin, irin wanda mutum zai sayi abinci ba tare da ya fito daga mota ba, kuma a buɗe dare da rana. Filin kuwa yana kusa da makarantar firamare. Mutanen gari suka aika wa ƙaramar hukumar Yarra Ranges takardun ƙorafi fiye da 1,100, kansiloli kuma baki ɗaya suka ƙi amincewa.

To ai magana ta ƙare ke nan?

Ina! Kamfanin ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da ke duba irin waɗannan hukunce-hukunce a jihar Biktoriya, wato VCAT. A 2012 ta soke hukuncin kansilolin, ta ba da izini.

Ta yaya kotu za ta watsar da ƙorafin mutum dubu?

Nan ne gizo ke saƙa. Tun asali an ware filin don kasuwanci, kuma dokar tsara gari ta yarda a yi gidan abinci a wurin. Abin da kotu ke aunawa shi ne cunkoson motoci, wurin ajiye su, hayaniya da fasalin gini. Yawan masu ƙorafi, ko cewa abincin yana sa yara ƙiba, ko ƙin jinin babban kamfanin waje, a lokacin duk ba su cikin ma'auninta. Ni dai ina ganin iyayen da ke fargabar abin da 'ya'yansu za su riƙa ci suna da hujja, sai dai dokar ba ta tanadar musu inda za su kai ta ba.

Sai suka haƙura?

Ba su haƙura ba. Sun shuka lambu a filin, wasu sun hau rufin tsohon ginin da ke wurin sun tare, har tawaga suka tura Amurka da takardar koke ga hedikwatar kamfanin. Duk da haka a 2014 aka buɗe reshen.

Ke nan wahalar banza suka sha?

Ba sosai ba. A 2015 jihar ta gyara dokarta, ta ce dole a riƙa la'akari da yawan masu ƙorafi wajen auna tasirin gini ga al'umma.

Akwai inda zancen lafiyar yara ke hana izini?

Akwai, inda aka rubuta shi a doka tun kafin mai gini ya zo. Tsarin birnin Landan na 2021 ya ce kada a ba sabon shagon abincin ɗauka-ka-tafi izini idan tazararsa da ƙofar makarantar firamare ko sakandare ba ta wuce tafiyar mita 400 ba.