Fim Mai Dogon Zango Na Binciken Laifi: Ina Ƙarfinsa, Ina Rauninsa?

Daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12 a Legas, matasa da dama ba sa bari kashi ɗaya na finafinan binciken kisa ya wuce su, ko na gida ne ko fassara. Ga amsoshin tambayoyin da masu kallo da masu sha'awar rubutu suka fi yi a kansu.

Me ke riƙe mutum makonni yana bin irin wannan fim?

Tambaya guda ce: wa ya aikata? Soyayya da rigimar gado na iya shigowa, amma duk reshe ne. Zango mai kashi 8 zuwa 13 ya fi zama daidai idan waɗanda ake zargi ba su wuce huɗu zuwa shida ba, kowa da dalilinsa na son mamacin ya kau, kowa kuma da abin da yake ɓoyewa ko da ba shi ya yi kisan ba. Kowane kashi ya wanke mutum ɗaya ko ya rushe wata shaida, sannan ya taso da sabuwar tambaya. Kashin da bai yi ko ɗaya ba, cike gurbi ne.

Ta yaya ake gane marubuci ya yi wa mai kallo adalci?

A nan ƙarfin fim yake ko mutuwarsa. Tun 1929 wani marubuci ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma, kuma uku daga ciki har gobe suna aiki: mai laifin ya bayyana tun farkon labari, kada tsafi ya warware matsalar, kada kuma sa'a ta yi wa mai bincike aikinsa.

A ɗauka an kashe wani ɗan kasuwar goro cikin shagonsa da dare. Maigadi ya rantse bai ji ihu ba saboda ƙarar janareta. A kashi na biyu, ana tsakiyar wata hira, kyamara ta gifta ta kan janaretan an kwance shi, makanike na cewa tun Alhamis yake jiran kaya. Wanda ya lura ya riga ya kama maigadi da ƙarya tun kafin ɗan sanda ya farga. Wanda bai lura ba, ran da aka tona zai dafe kai ya ce ai ya gani. Wannan shi ne adalci. Saɓaninsa shi ne a kai kashi na ƙarshe a ɓullo da wani ƙanin mamaci daga ƙauye wanda ba a taɓa ambata ba, ko boka ya buga ƙasa ya faɗi suna. Boka na iya zama cikin labari, tunda akwai masu zuwa wurinsa, amma maganarsa ba hujja ba ce.

Yadda ake nuna aikin 'yan sanda, haka yake a Legas?

Galibi a'a, kuma abin takaici ne, domin hanyar gaskiyar ta fi armashi. Ƙorafi yana farawa ne a caji ofis na unguwa ƙarƙashin DPO, a ba jami'in bincike guda, wato IPO. Idan kisa ne, ba a can ake ƙarewa ba: ana tura fayil da wanda ake zargi sashen binciken manyan laifuka na jiha da ke Panti a Yaba. Majistare ba shi da hurumin shari'ar kisa, iyakarsa ya ba da umarnin tsarewa, fayil ya tafi ofishin daraktan gabatar da ƙara a ma'aikatar shari'a da ke Alausa don shawara. Sai an ga akwai tuhumar da za a amsa sannan a shiga babbar kotu.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko da yake ya yi togaciya kan laifin da hukuncinsa kisa ne. Marubucin da ya san wannan ya samu agogon da zai matsa wa jaruminsa lamba a ƙananan laifuka ba tare da ƙirƙirar komai ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafe mu kai tsaye. Bahaushen da ba ya jin Turanci ko Yarbanci yana ba da bayani ne ta bakin tafinta, kuma idan ba a kira tafintan ya ba da shaida a kotu ba, lauya mai kaifi zai iya sa a yi watsi da bayanin.

Jarumin da ke dukan wanda ake zargi har ya amsa laifi fa?

Wannan shi ne rauni mafi muni, ta fuskar fasaha da ta tarbiyya. Ta fuskar fasaha, lalaci ne: marubuci ya kasa haɗa hujja, sai ya ɗauko kulki. Ta fuskar doka, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da aikin kansa laifi, dokar shari'ar laifuka ta Legas kuma ta nemi a ɗauki iƙirari a bidiyo ko a gaban lauyan mutum. Haka kama uwa ko mata a madadin wanda ya gudu, doka ta hana. Ba a ce kada fim ya nuna waɗannan ba, suna faruwa. Amma ya nuna abin da ke biyo baya: shari'ar ta rushe, ko a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba. Yaron da ke kallo a shagon cajin waya daga nan yake koyon haƙƙinsa.

Me ya sa wurin binciken gawa ya fi yawan kuskure?

Likitan fim kan leƙa gawa ya ce ƙarfe biyu da kwata aka yi kisan. Babu likitan da zai faɗi haka. Tazara yake bayarwa. Sandarewar jiki tana farawa sa'o'i 2 zuwa 6 bayan mutuwa, ta cika wajen sa'o'i 12, ta saki daga baya, kuma zafin Legas yana gaggauta komai. Gwajin ƙwayoyin halitta ma ba a yini ɗaya yake fitowa ba, kuma sai da samfurin da za a gwada da shi. Jihar ta buɗe cibiyar wannan gwaji a tsibirin Legas a 2017, aka ƙona ta a tarzomar Oktoban 2020.

Abin da ya fi dacewa da labarinmu, kuma ba a cika taɓa shi ba, shi ne ja-in-ja tsakanin dangi da hukuma. Mu Musulmi muna gaggauta sutura. Dokar binciken mace-mace ta Legas ta 2007 kuwa ta ba jami'in binciken mace-mace ikon sa a duba gawar da mutuwarta ke da alamar tambaya. Uba na tsaye ƙofar mutuware da likkafani a leda, limami na jira a maƙabartar Agege, jami'i na cewa idan aka binne yau hujja ta tafi. Dukansu suna da gaskiya, kuma wannan kaɗai ya ishi kashi guda.

Bin sawun waya da gaske ne?

Da gaske ne, amma ba ɗigon ja mai yawo a allo ba. Bayanan kamfanin waya suna nuna ƙarfen sabis ɗin da layi ya hau, wanda a wuri mai cunkoso kamar Mushin ya ƙunshi gidaje masu yawa. Haɗa layi da lambar NIN tun ƙarshen 2020 yana ba da sunan mai rajista, ba lallai mai riƙe da wayar ba. Sashe na 84 na dokar shaida kuma yana neman takardar tabbaci kafin kotu ta karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta.

Me ya sa zango ke fara zafi, tsakiya ta yi sanyi?

Saboda ana fara ɗauka ba a rubuta ƙarshe ba. Idan masu kallo suka ƙaru a YouTube, furodusa ya ƙara kashi, sai a cika da tuna baya da doguwar hirar falo, a manta da shaidun da aka shuka. Maganinsa a fara rubutu daga ƙarshe: wa ya yi, da me, ƙarfe nawa, wane kuskure ya tafka. Sai a zana jadawalin daren, inda kowa yake sa'a bayan sa'a, a lissafa har da gosulo, domin wanda aka gani a Obalende ƙarfe shida na yammar ranar aiki ba zai isa Agege shida da rabi a motar haya ta danfo ba, kuma duk mazaunin Legas zai kama wannan ƙaryar nan take.