Waiwaye: Itatuwan da Suka Mamaye Tundira da Kabon da Ke Ƙarƙashinsu

Tsakanin 1948 da 1950 jiragen sama sun yi ta shawagi a arewacin Alaska suna ɗaukar hotunan ƙasa domin neman man fetur. Bayan kusan shekara hamsin, Matthew Sturm da abokan aikinsa Charles Racine da Ken Tape suka zaƙulo hotunan, suka koma wuraren suka sake ɗauka daga sama. Binciken da suka wallafa a 2001 ya nuna ƙananan itatuwa, masu kama da sabara ko geza a tsayi, sun ƙaru sun yi kauri a gangaren kwaruruka, sun shiga wuraren da a da ciyawa da gansakuka ne kawai.

Tundira fili ne marar manyan bishiyoyi a ƙurewar arewacin duniya. Ƙasarsa a daskare take shekara da shekaru, samanta kaɗai ke narkewa lokacin zafi. Dubban shekaru ganye da saiwa suna mutuwa, sanyi ya hana su ruɓewa, suna ta taruwa. An ƙiyasta daskararriyar ƙasar yankin tana riƙe da tan biliyan 1,300 zuwa 1,600 na kabon, sinadarin da ke cikin ganye da saiwar nan wanda in ya tashi sama yake ɗumama duniya, kusan ninki biyu na wanda ke cikin iska. Ga shi kuma tun 1979 yankin yana ɗumama kusan sau huɗu fiye da matsakaicin duniya.

Da farko labarin ya zo da kyakkyawan fata. Tun 1997 bayanan tauraron ɗan adam suka nuna arewa tana ƙara yin kore, aka ce tsirran za su shanye wani kaso na iskar kabon da ɗan adam ke fitarwa. Ban ga laifin masu wannan zato ba. Mu da muka taso ana yi mana kiran dashen bishiya don tare hamada, in mun ga kore alheri muke gani.

Tashar bincike ta Toolik a Alaska ta girgiza wannan zato. An shekara ashirin ana zuba wa wasu filaye taki, don kwaikwayon abincin da ƙasa za ta saki in ta ɗumama. Sakamakon da Michelle Mack ta jagoranci wallafawa a 2004 ya nuna yabanyar sama ta ninka, itatuwa sun mamaye, amma filin ya yi asarar kusan kilo biyu na kabon a kowace murabba'in mita, kuma daga can ƙasa asarar ta fito. A Abisko da ke arewacin Suwidin ma, binciken 2012 da na 2015 sun tarar ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwa ba ta kai ta fili yawan kabon ba. Dalilin da aka fi karkata gare shi yana wajen saiwa: tana ciyar da wasu halittu dangin naman kaza da ke manne da ita, su kuma suna farfasa tsohon ruɓaɓɓen ganye don samo wa itacen abinci, kabon da ya daɗe a kwance ya tashi sama. Akwai kuma batun dusar ƙanƙara. Rassan suna tare ta, ta taru ta zama bargo, ƙasa ba ta yin sanyi sosai da hunturu, ƙwayoyin halitta su ci gaba da aikin ruɓarwa.

Sai dai ba a nan zancen ya tsaya ba, kuma wannan ɓangaren ne masu gaggawar yanke hukunci ke tsallakewa. A Toolik ɗin dai, filayen da aka rufe da rumfunan leda tun 1989 don ɗumama su sun cika da itatuwa, amma rahoton 2013 bai ga raguwar kabon ƙasa ba. A Kitalik da ke arewa maso gabashin Saiberiya, masu bincike daga Holan sun cire itatuwan daga wasu filaye. Da inuwa ta tafi, ƙanƙarar ƙasa ta narke, cikin shekara biyar wurin ya lotsa, ruwa ya kwanta, ya fara fitar da iskar mitan, wadda ita ma tana ɗumama duniya. Itacen da ke ɗumama ƙasa da hunturu shi ne ke kare ta da inuwarsa lokacin zafi, kuma wanda zai rinjaya ya danganta da irin itacen, da danshin ƙasar, da yawan dusar ƙanƙara.

A ganina kuskuren shekarun farko shi ne auna abin da ido ke gani daga sama, alhali mafi yawan kabon yana binne. A Disambar 2024 hukumar kula da teku da sararin samaniya ta Amurka ta bayyana a rahotonta na shekara cewa, in aka haɗa da gobarar daji, tundira yanzu tana fitar da iskar kabon fiye da yadda take shanyewa, duk da cewa shekarar tana cikin waɗanda yankin ya fi yin kore tun da aka fara aunawa.