Kumfa ɗaya a kwalba tana iya ɓata gwajin ruwa

Akwai sinadarai masu saurin zama tururi ko da ba a ɗora su a wuta ba, irin waɗanda ake samu a man fetur da fenti da gam. Daga cikinsu benzin ne ya fi tayar wa ma'aikatan lafiya hankali, domin an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikurogiram 10 (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace lita ta ruwan sha, a Amurka kuwa iyakar 5 ce. Hanci ba ya jin wannan ɗan adadi, harshe ma haka, saboda haka rijiyar da ke kusa da tankin mai da ke yoyo tana iya ba da ruwa garau alhali da guba a ciki. Ɗakin gwaje-gwaje kaɗai ke raba gardama.

Sai dai halin sinadaran nan na saurin zama tururi shi ne ke wahalar da aikin: da sun sami kafa, sai su gudu cikin iska. Shi ya sa ake ɗibar samfurin a 'yar kwalbar gilashi mai cin mililita 40, wadda aka ɗiga wa asid don kada ƙwayoyin bakteriya su cinye abin da ake nema. Ana zuba ruwan a hankali har ya yi tozo a bakin kwalbar, a rufe, a kifa ta, a ƙwanƙwasa da yatsa. Idan kumfa ta taso, a ɗauki sabuwar kwalba a sake, domin sinadarin zai tsere cikin kumfar, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Daga nan sai cikin ƙanƙara, kuma dole a auna kafin kwana 14. Akan haɗa kwalaben da wata mai ɗauke da tsabtataccen ruwa wadda ba a buɗewa, ta yi musu rakiya; idan aka ga benzin a cikinta, to a hanya aka kwaso shi, wataƙila daga jarkar mai a bayan mota.

A ɗakin gwaji ana hura iskar heliyam cikin ruwan ta kwaso sinadaran, a kama su a wani tarko, a ɗumama shi, su bi ta siririn bututu mai tsawon mita da yawa inda suke rarrabuwa, sannan na'ura ta gane kowane ɗaya ta nauyin ɓarɓashinsa.

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, shi ne mutum ya kawo ruwa rabin gorar roba da ta wuni a rana yana neman a auna. Wanda ke zargin rijiyarsa ya fara tuntuɓar ɗakin gwajin ya karɓi kwalabensu, kuma ya dakatar da shan ruwan har sakamako ya fito.