Mene Ne "Miniature"? Ƙananan Gidajen Ban Tsoro Da Ake Ginawa A Lokacin Kaka

Duk wanda ke leƙa Instagram ko TikTok a cikin watan Oktoba ba zai rasa cin karo da irin wannan bidiyon ba. Ana nuna wani tsohon ɗaki, fentin bango ya ɓaɓɓake, kujera ta karye ƙafa ɗaya ta jingina da tebur, yanar gizo ta mamaye kusurwa, ga wata fitila tana ci kamar za ta mutu. Kana cikin tunanin wane kango ne wannan, sai hannun mutum ya shigo ta sama ya ɗauke kujerar da yatsu biyu. Ashe ɗakin gaba ɗayansa bai wuce girman kwalin takalmi ba. Wannan aikin shi Turawa ke kira miniature, mai yinsa kuma miniaturist.

A taƙaice, kalmar tana nufin kwaikwayon abu na gaske a ƙanƙance, ta yadda kowane sashe nasa zai ragu daidai da sauran. Mutane da yawa suna zaton ta samo asali ne daga kalmomin Turanci masu nuna ƙanƙanta, amma tushenta daban ne. Ta fito daga minium na Latin, wato wani jan launi da ake samu daga dalma, wanda marubutan Turai na zamanin da suke ƙawata littattafan rubutun hannu da shi. Da yake zanen da ke cikin littattafan ƙanana ne, sannu a hankali sunan launin ya koma sunan ƙanƙantar. Wanda ya taɓa ganin alaramma yana sa wasali da jar tawada a Alƙur'anin da ya rubuta, ko yana yi wa allo zayyana, ya san irin natsuwar da kalmar ta taso a cikinta.

Abin da ya raba wannan sana'a da kayan wasan yara shi ne ma'auni. Wanda aka fi amfani da shi shi ne 1:12, ma'ana kowane inci 1 a ƙaramin gida yana matsayin ƙafa 1 a gidan gaske. Ƙofa mai tsawon ƙafa 7 za ta dawo inci 7, kusan santimita 18. Littafi mai santimita 24 zai dawo santimita 2. Akwai masu sauka zuwa 1:24 da 1:48, har da 1:144, wanda shi ne girman gidan 'yar tsana da za a ajiye a cikin wani gidan 'yar tsanar. Ma'aunin nan ba a yi masa sassauci. In ka ɗinka labule da yadi mai kaurin zare, ido zai gane nan take, domin zaren ma ya kamata a ce ya ragu sau 12. Shi ya sa masu yi suke neman tsohon hankici ko siliki mara kauri.

Ba yara ne suka fara abin ba. Gidan da aka fi ambata a matsayin na farko a tarihin Turai shi ne wanda Albrecht na Biyar, mai mulkin Bavaria a Jamus ta yau, ya sa aka ƙera a 1558. A ƙarshen ƙarni na 17, matan attajiran Amsterdam sun mai da shi abin nuna arziki. Na Petronella Oortman, wanda aka yi tsakanin 1686 da 1710, yana nan a gidan tarihi na Rijksmuseum, kuma ana cewa kuɗin da ya ci ya isa sayen gidan gaske a bakin ruwan birnin. A Ingila, an kammala na Sarauniya Mary a 1924, bisa zanen mai tsara gine-gine Edwin Lutyens, a ma'aunin 1:12. Yana fadar Windsor, da wutar lantarki, da famfon da ke kawo ruwa.

Duk waɗannan gidajen ƙawa ne, masu tsabta da tsari. Reshen da muke magana a kansa ya juya abin ne: a gina gida, sannan a lalata shi da gangan.

Lokacin da wannan reshe yake tashe shi ne kakar Turai da Arewacin Amurka, daga ƙarshen Satumba zuwa Disamba. Ganyaye suna zubewa, rana tana saurin faɗuwa, sanyi yana kora mutane cikin ɗaki, don haka ayyukan hannu irin su saƙa da ɗinki suna dawowa. A tsakiyar wannan lokaci ne bikin Halloween yake faɗowa, daren 31 ga Oktoba. Sunan yana nufin jajiberin ranar waliyyai ta Kirista, 1 ga Nuwamba, kuma masana da dama suna danganta al'adunsa da wani tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ireland da Scotland mai suna Samhain. Masu ƙaura daga can ne suka kai shi Amurka a ƙarni na 19, inda ya zama lokacin fafe kabewa, da shigar dodanni, da labaran fatalwa. Mai ƙera ƙananan gidaje yakan fara aiki tun Agusta ko Satumba don gidansa ya kammala kafin wannan dare.

To, me ya sa ƙaramin gida yake tayar da tsigar jiki? A 1919 masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya rubuta maƙala a kan kalmar Jamusanci unheimlich. Heim gida ne, saboda haka kalmar tana nuni da abin da ka saba da shi kamar gidanku, amma ya rikiɗe ya zama baƙo. A ganina wannan shi ne zuciyar maganar. Daji da dare yana da ban tsoro, amma kowa ya san haka tun kafin ya shiga. Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne wurin da ya kamata a ce akwai aminci: gado, murhu, shimfiɗar jariri. Bahaushe ya san wannan sarai. Ka tuna yadda yara ke ɗaga ƙafa in za su wuce kango bayan magariba, gidan da aka san masu shi, aka sha ruwan randarsu, yanzu kuma ba kowa sai jemagu. Gidan 'yar tsana kuwa alamar yarinta ce da kwanciyar hankali, don haka ɓacinsa ya fi ciwo. Ga kuma matsayin mai kallo: bango ɗaya a buɗe yake, kai ne ƙaton da ke leƙen asirin mutanen da ba su san kana nan ba.

Ƙwararru da yawa ba sa saka mutum ko fatalwa a ciki sam. Kujera da aka ja baya daga tebur, kofin shayi da aka sha rabi, takalmin yaro ƙafa ɗaya a bakin matakala. Rashin mutumin shi ne abin tsoron, mai kallo ne zai cike gurbin da kansa.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne tsufar da kaya, kuma nan ne abin ya fi burge ni, domin yawancin kayan aikin a kicin suke. Ɗauki daɓen katako. Ana yanka 'yan siraran itace, irin tsinken da ake juya shayi da shi, a jera a manna da gam. Sai a jiƙa soson ƙarfe na wanke tukunya a ruwan khal ya kwana ɗaya ko biyu. A fara shafa wa katakon baƙin shayi mai kauri, a bari ya sha iska, sannan a bi shi da ruwan soson. Kana kallo farin itacen zai fara dusashewa ya koma ruwan toka, kamar ƙyauren da ya sha damina talatin. Dalili shi ne sinadarin da ke cikin shayi yana haɗuwa da ƙarfen da ya narke a khal. Bangon dutse kuma da kiret ɗin ƙwai na takarda ake yinsa: a yayyaga shi ƙanana, a manna gefen mai kaushi yana kallon waje, a yi fenti. In ana son fenti ya tsattsage, a shafa farin gam na kafinta, kafin ya gama bushewa a ɗora fenti a kai, suna bushewa sai ya dare. Garin kirfa a kan jiƙaƙƙen fenti yana ba da tsatsa. Auduga da aka ja silinta da ɗan hantsaki ita ce yanar gizo. Kabewa da kyandir da ƙwanƙwan kai ana murza su da yumɓun roba irin Fimo ko Sculpey, a gasa a wuta mara ƙarfi, digiri 110 zuwa 130 a ma'aunin Celsius. Haske kuma daga 'yan ƙwayayen LED ne masu aiki da batiri irin na agogo.

Amma datti ba a watsa shi barkatai. Mai yi sai ya tambayi kansa: ina hannu yake yawan taɓawa a ƙofar nan? Ta ina rufin yake yoyo, kuma ina ruwan yake bi a bango? In an cire hoto daga bango bayan shekara ashirin, wurin zai fi sauran haske, to wa ya cire shi, kuma me ya sa? Daga nan aikin hannu ya shiga gonar marubuci.

Babu wanda ya nuna ƙarfin wannan kamar Frances Glessner Lee, wata attajira Ba'amurkiya da ta rayu daga 1878 zuwa 1962. Ta zuba dukiyarta wajen kafa sashen binciken musabbabin mutuwa a Jami'ar Harvard, sannan a shekarun 1940 ta fara ƙera ƙananan ɗakuna a ma'aunin 1:12, kowanne yana nuna wurin da aka tsinci gawa. Ta kira su Nutshell Studies of Unexplained Death, wato nazari a ƙanƙance kan mutuwar da ba a san musabbabinta ba. Manufarta koya wa 'yan sanda kallo, don ta lura suna shiga wuri su tattake shaida ba su sani ba. Ta saƙa wa 'yan tsanar safa da allurai masu sirantar fil. Makullan ƙofofin suna buɗewa da mabuɗi. Ta naɗe 'yan mitsi-mitsin sigari da taba ta gaske, ta kunna, ta kashe a faranti. Akwai wata bukka da aka gina tsaf sannan aka babbaka ta da wuta don ta nuna gobara. Akan ba ɗalibi minti 90 da tocila, ya duba ya faɗi abin da ya gani: kisa ne, haɗari ne, ko mutum ne ya kashe kansa? Har yau ana koyarwa da guda 18 daga cikinsu a ofishin babban likitan binciken gawa na jihar Maryland, a Baltimore, kuma an baje su ga jama'a a gidan baje kolin fasaha na Renwick da ke Washington a 2017. Kowane ɗaki cikakken labari ne, kuma kayan da ke cikinsa ne suke ba da shi.

Shi ya sa marubutan ƙagaggun labarai suke son wannan aiki. Wanda ke rubuta labarin tsohon gida yakan rubuta "ta shiga ɗaki" ya wuce. In ya gina ɗakin da hannunsa, dole ya yanke shawara: taga tana gabas ko yamma, taku nawa ne daga gado zuwa ƙofa, wanda ke kwance zai iya ganin mai shigowa? Gani ya kori ji. Sau da yawa a wajen manna wani ɗan akwati a ƙarƙashin gado ne tambayar abin da ke cikinsa take zuwa, kuma babin da ya cije sai ya warware. Akwai kuma hutun kai. Littafi yana iya cin shekara biyu ba a ga ƙarshensa ba, kujera kuwa a yammaci ɗaya an gama ta, an riƙe ta a tafin hannu. Lokacin ma ya dace, domin tun shekarar 2000 marubuta da yawa suka saba ware Nuwamba don rubuta kalmomi 50,000 a wata guda, sai Oktoba ya zama watan gina duniyar labarin.

Dangantakar ta daɗe. Ɗakin karatu na gidan Sarauniya Mary cike yake da 'yan littattafan da marubutan zamanin suka rubuta da hannunsu. Arthur Conan Doyle ya ba da gajeren labarin Sherlock Holmes mai kalmomi kusan 500, Rudyard Kipling da Thomas Hardy su ma sun ba da nasu. Gidan Petronella Oortman kuma shi ya haifar da littafin Jessie Burton, The Miniaturist, wanda ya fito a 2014.

Halloween ba al'adarmu ba ce, kuma malamai da dama suna hana shiga cikinta, haka nan akwai maganarsu a kan sassaƙa surar mai rai. Ni dai abin da nake gani shi ne sana'ar ba ta rataya a kan bikin ba, kuma mafi kyawun ɗakunan ma babu sura a cikinsu. Hannun da ke wannan aiki kuwa mun san shi. Kakarmu ita ma tana faɗowa a Oktoba da Nuwamba, lokacin da aka girbe dawa da gero, kara ya wadata. Yaro zai zauna da reza ya ɓare bayan karan, ya yanka totuwar, ya soka ya haɗa motar kara da tayoyinta da ƙofar da ke buɗewa. 'Yan mata suna gefe suna jera wa 'yar tsana ɗaki, da murafan kwalba a matsayin kwanuka, da kwalin ashana a matsayin gado. Da dare kuma a zauna tatsuniya, a ji yadda Dodo ya yi sallama a ƙofar gida.

Marubucin Hausa da ke son gwadawa ba ya buƙatar gidan Turawa mai bene da bututun hayaƙi. Kwali ɗaya ya isa, da jar ƙasa da aka tankaɗe aka kwaɓa da gam don yaɓen bango. A yi zaure mai azara da tsinken tsintsiya, a bar ɗaya ta karye ta sunkuyo. A yanka bakin gwangwani a yi 'yar fitilar a-ci-bal-bal, a shafa baƙin gawayi a bango daidai samanta. A shimfiɗa buzu a kusurwa, a jingina allo, a ajiye buta kusa da shi, sannan a yayyafa toka a ko'ina ta zama ƙura, ban da kan buzun.