El Nino, yaron da ake ɗora wa laifin kowa

Tun 2023 da kalmar El Nino ta shiga gidajen rediyon Yamai, ba ta sake fita ba. Zafi ya yi yawa, El Nino. Ruwa ya ci gida, El Nino. Ran nan a fadarmu ta shayi a Talaje wani dattijo ya ce har tsadar albasa aikinsa ce, samari kuma suka laƙaba masa Elhaji Nino. Na ce, "Baba, wai mene ne shi?" Ya ce, "Ai wata guguwa ce mai tasowa daga Amurka." Ban ga laifin Baba ba, haka ya ji daga bakin masu sharhi.

Ba guguwa ba ce, ba kuma hadari ba ne da za ka tsaya kan gadar Kennedy ka hango shi tafe. Ɗumamar saman ruwa ce a tsakiya da gabashin tekun Fasifik. A al'ada iska na busawa daga gabas, tana kora ruwan ɗumi wajen Indonesiya, sai ruwan sanyi ya taso daga ƙasa a gaɓar Peru ɗauke da abincin kifi. Duk shekara 2 zuwa 7 iskar kan yi sanyin jiki, ruwan ɗumin ya komo gabas ya kwanta wata 9 zuwa shekara guda. Ma'aunin masana Amurka shi ne zafin ruwan ya haura yadda aka saba da rabin digiri, ya kuma daɗe a haka.

Sunan ma ba masana suka raɗa shi ba. Masuntan Peru ne, masu ido a kan ruwa kamar sarkawanmu na kogin Isa, suka lura ruwa na ɗumi kifi na ɓacewa wajen lokacin Kirsimeti. Sai suka kira shi "yaron" da Sifaniyanci, suna nufin Annabi Isa yana jariri. "Ninyo" ake furta shi, amma wannan na yafe wa ƴan jarida. Sai a 1969 wani masanin yanayi, Jacob Bjerknes, ya nuna cewa teku da iska ne ke ingiza juna. Idan abin ya juya ruwan ya yi sanyi fiye da kima, ita ce La Nina, yarinya. Dukansu sun girmi mota da masana'anta, saboda haka mai cewa El Nino shi ne canjin yanayi ya haɗa biri da gada.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jingina masa ambaliya. A gabashin Afirka, irin su Kenya da Somaliya, gaskiya ne yana kawo ruwa. Mu a Sahel yawanci rage mana damina yake yi, kamar yadda aka gani a 1972 da 1983. A Satumban 2020 da kogi ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya shiga Saga da Lamorde, yarinyar ce ke kan hanya. A 2024 da tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe, yaron ya riga ya tafi tun kafin damina ta kankama. Ko farin ma ba kullum nasa ba ne: a 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, babu El Nino a Fasifik. Binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003 ya nuna farin shekarun 1970 da 1980 ya bi zafin tekuna da yawa ne, har da Atlantika da tekun Indiya. Danshin da ke shayar da geronmu daga Atlantika yake zuwa.

Shi kuwa jan ruwan da ke cika kogi a Agusta da Satumba, daga rassansa na Sirba da Gorol da Dargol yake gangarowa. Ƙasar can ta yi tauri, itatuwa sun ragu, ruwa ba ya nitsewa sai dai ya gudu da jan laka.

Ni dai ina zargin daɗin kalmar ne ya sa manya ke son ta. Baƙuwa ce, tana da ƙamshin ilimi, mai ita kuma yana can bayan duniya, ba ya zuwa ya kare kansa. Alhali cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD a nan Yamai suke, kuma hasashen damina da aka fitar a Afrilun 2024 ya ce ruwa zai fi na kullum a Sahel. Wata huɗu ke nan kafin Agusta. Magudanar da ke gaban fadarmu, cike take da leda da yashi a Afrilun, haka kuma ruwan ya same ta.