Aska Mai Naɗewa Ƙirar Hannu: Yadda Ake Zaɓenta, Aski da Ita da Adana Ta

Reza mai yarwa ta cika kowane shago, amma har gobe akwai maƙera a Jamus da Faransa da Japan da Amurka da ke ƙera aska ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma masu tara ta. Ga tambayoyin da mai sha'awar wannan harka ya fi yi.

Wace aska ake nufi, kuma me ya raba ta da ta wanzami?

Ita ce wadda bakinta ke naɗewa ya shige cikin mariƙi na ƙaho ko ƙashi ko katako. Askar da wanzami ke fitarwa daga zabira galibi ƙarfe guda ce, ba ta naɗewa, kuma haka askar Japanawa da suke kira kamisori take. Aikinsu ɗaya: tsirarar kaifi a kan fata, babu wata kariya sai ƙwarewar hannu.

Babban abin da ya raba su shi ne tambari. Maƙeran Turai suna buga sunansu da na garinsu a wuyan aska, shi ya sa bayan shekara ɗari ake sanin wanda ya yi ta. Namu maƙeran ba su saba da haka ba. Askar da ta yi wa jarirai askin suna a unguwa guda tsawon zamanin wanzami da ɗansa, ba wanda zai iya faɗin maƙerar da ta fito, kuma wannan yana damuna.

Waɗanne garuruwa ne suka yi suna wajen ƙera ta?

Sheffield ta Ingila ce kan gaba. A shekarun 1740 Benjamin Huntsman ya gano yadda ake narkar da ƙarfe a tukunyar yumɓu ya fito bai ɗaya, babu wuri mai tauri da wuri mai laushi. A kan wannan ƙarfe gidaje irin su Wade & Butcher da Joseph Rodgers suka yi suna. Sai Solingen ta Jamus, inda aka kafa kamfanin Dovo a 1906, da Thiers ta Faransa, inda Thiers Issard ke aiki tun 1884.

Abin da ya karya kasuwarsu shi ne rezar da King Camp Gillette ya sami rajistar mallakarta a 1904. Da aka raba wa sojojin Amurka ita a yaƙin duniya na farko, suka koma gida da sabon sabo.

Me ke sa wata aska ta fi wata?

Ba kyan mariƙi ba ne, ko da yake shi ido ke fara gani. Da farko akwai ƙarfen, wanda yake ɗauke da sinadarin kabon wajen kashi 1 cikin 100. Sai wuta, kuma a nan ake gane gwani: a gasa ƙarfen ya yi ja, a tsoma shi cikin mai ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 200 na ma'aunin Salsiyos don ya rage gautsi. In taurin ya gaza, aska ba ta riƙe kaifi. In ya wuce kima, bakin ya riƙa ɓantarewa.

Bayan haka sai kwarmi. Tsoffin askar Sheffield masu kauri ne tun daga baya har baki, kamar bakin gatari. Suna da nauyi, suna ratsa gemu mai tauri shiru. Daga baya aka ƙware wajen rarake gefe biyu na ƙarfen a kan dutse mai juyawa, har ya yi siririn da yake ɗan lanƙwasa in an danna shi a kan farce. Irin wannan tana ƙara in tana yanke gashi, kuma ta fi sauƙin washi. Wannan rarakewa ita ce mafi wuyar aikin, domin kuskure kaɗan zai ƙona ƙarfen ko ya karkata bakin.

Akwai wani lissafi da ba a gani da ido: faɗin aska yakan ninka kaurin bayanta kusan sau uku da rabi. Da wannan ne kaifin ke samun kusurwar da ta dace in an kwantar da ita a kan dutse. Maƙerin da bai san haka ba, ƙaramar wuƙa ya ƙera.

Wacce sabon shiga zai fara saya?

Mai faɗin 5/8 na inci, wato kusan milimita 16, mai zagayayyen kai. Mai tsinin kai tana fitar da layin saje da kyau, amma tana tsaga kunne da gefen hanci in hannu bai nuna ba. Ka tambayi mai sayarwa ko an wasa ta, don sabuwa daga kamfani ba kullum take zuwa a shirye ba. Ka kuma guji masu arha da ake tallatawa a intanet da zane-zane a jikin ƙarfe; da yawansu na ado ne, ko an wasa ba sa riƙe kaifi.

Yaya ake aski da ita?

A jiƙa gashi da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, a shafa kumfar sabulu. A ja fata da ɗaya hannun ta miƙe. A kwantar da aska kusan a jikin fata, kada kusurwar ta wuce digiri 30, a bi inda gashi ya kwanta da gajeren ja, ba tare da dannawa ba. Abin da ke yanka mutum shi ne jan aska ta gefe, ta tsawon bakinta. Wanda ke da ƙurajen aski, kamar yadda gashinmu mai murɗewa kan jawo, ya tsaya ga bin kwanciyar gashi kawai. Mai barin gemu ma tana yi masa amfani wajen gyaran fuska da wuya, kuma da nan ya kamata a fara koyo kafin a kai ga aske kai.

Mene ne bambancin gogawa a fata da washi a dutse?

Fata, wato tsirin jemammiyar fata da ake goga aska a kai, ta kullum ce, dutse na lokaci-lokaci. Bayan kowane aski bakin yakan ɗan tanƙware ta yadda ido ba zai gani ba, fata ce ke miƙar da shi. A ɗaure ta, a ja ta miƙe, a kwantar da aska, a ja ta bayanta na gaba kaifi na biye. A ƙarshen fatar a juya ta kan bayanta, ba kan kaifin ba. Kai da komo 40 zuwa 60 sun isa kafin aski.

In fata ta daina dawo da kaifi, yawanci bayan wasu watanni, sai dutse. A nan kaifi ne ke gaba, kuma bayan aska da bakinta dole su taɓa dutsen tare. Kada a ɗaga baya kamar yadda ake wasa wuƙa. Ana farawa da dutse mai lamba 1000 a daidaita baki, sai 4000, sai 8000, wasu su ƙarasa da 12000; iya girman lambar, iya sulɓin dutsen. Masu son dutsen asali suna neman rawayan dutsen yankin Vielsalm na Beljiyam ko na tsaunukan kusa da Kyoto. Dutsen washin wuƙar mahauta ko magagari, ko sau ɗaya kada su taɓa ta. Askar da aka lalata da mugun washi ta fi wadda tsufa ya kashe yawa.

Yaya ake kare ta daga tsatsa?

A wanke bakin kaɗai, kada ruwa ya shiga mahaɗin da take naɗewa, don can tsatsa ke fara ɓuya. A goge, a bar ta a buɗe ta sha iska. Kada a ajiye ta a banɗaki. Da damina a shafa mata ɗigon man keken ɗinki. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo. Da hunturu kuma mariƙin ƙaho da na katako ne ke bushewa su karkace, sai a shafa musu mai kaɗan.

Me zan duba a tsohuwar aska kafin in biya?

Ka ɗaga ta a haske. Tsaga a baki, komai ƙanƙantarta, ta gama da ita. Tsatsa a baya ana gogewa, amma ramukan tsatsa a kan kaifi matsala ce. Ka duba bayan: in ya sheme ya yi faɗi, an ci ƙarfen da yawan washi. Ka naɗe ta a hankali ka ga ko bakin na shiga tsakiya bai goga gefe ba.

Wajen shekaru, tambari na taimakawa. Tun 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito a jikin kayan da ake shigarwa Amurka, don haka askar da aka rubuta Sheffield kaɗai, babu sunan Ingila, sau da yawa ta girmi wannan shekara.

Ka yi hattara da mariƙin tsohuwar roba da ake kira seluloid. In ya fara ruɓewa yana fitar da tiriri mai cin ƙarfe, za ka ga tsatsa ta bi daidai inda bakin ke shiga, kuma yana shafar sauran askar da ke akwati ɗaya. A ware ta, a sauya mariƙin. Na hauren giwa kuwa, an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989, don haka kwastan na iya ƙwacewa. Ni a ganina, aska uku da ake aski da su sun fi talatin da ke kwance ba mai duba su, domin wadda ba a buɗewa ita tsatsa ke ci.

Ana iya yin tarayya a aska ɗaya?

A'a, ko da ɗan'uwanka ne ciki ɗaya. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye, kuma ɗigon da ido bai gani ba ya isa. Saboda haka ne hukumomin Saudiyya ke umartar alhazai su je wurin masu aski masu lasisi da ke sauya reza ga kowane mutum. Mai yi wa jama'a aski ya yi amfani da aska mai naɗewa da ake saka mata rabin reza a jefar bayan kowane kai.

Kada kuma a ƙona bakin aska da wuta don kashe cuta, kamar yadda ake yi wa kilifa a shaguna. Siririn kaifin nan take yake rasa taurinsa. Tsohuwar da ka sayo, ka goge tsatsarta, ka wanke da sabulu, ka jiƙa bakin a sifirit na asibiti, sannan a sake wasa ta tun daga dutsen farko kafin ta taɓa fuskarka.