Masallacin Jumma'a na Yama

Masallacin Yama babban masallacin Jumma'a ne na ginin laka a garin Yama, cikin ƙaramar hukumar Badagishiri, gundumar Illela, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. An aza tubalinsa a shekarar 1962, aka kuma yi ta ƙara masa gyara da ado har zuwa 1982. A 1986 ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fasahar gine-gine, abin da ya kai sunan wannan ƙaramin gari na ƙasar Adar kunnen masana gini na duniya.

Dattawan gari ne suka yanke shawarar Yama ta samu masallacin Jumma'a nata na kanta. Ba su nemi injiniya daga Yamai ba. Sun damƙa aikin a hannun ɗan garinsu, Alhaji Falke Barmu, magini kuma manomi. Sauran aikin na gayya ne: wasu na kwaɓa laka da ramno, wasu na buga tubali suna shanyawa, wasu na ɗebo ruwa, wasu na shiga daji neman itace. Mai hali ya ba da kuɗi ko hatsi, wanda ba shi da shi ya ba da ƙarfinsa.

Ginin farko ba shi da wani ƙawa. Ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ginshiƙai sun jeru a ciki suna ɗauke da rufin itace da laka, sai wurin tsayuwar liman da ya ɗan fito waje ta alƙibla.

A 1975, da rufin ya nemi gyara, Falke Barmu bai tsaya ga mayar da shi yadda yake ba. Ya sake shi da bakan gizo, wato lanƙwasassun madogaran rufi, ya ɗora tulluwa a tsakiya. A nan gwanintarsa ta fito fili. Akan haɗa sanduna a ɗaure su dami-dami, a lanƙwasa su daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, sannan a lulluɓe da laka har itacen ya ɓace a ciki. Dabarar ta dace da Adar, inda doguwar azara ke da wuyar samu, kuma tana ba ɗakin tsawo da iska, yadda masallata ke samun sanyi ko da tsakar bazara.

Daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, aka kammala a 1982. Babu wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Kowace tana tsukewa yayin da take hawa sama, da nata ɗamarar da nata zanen, kuma adon na ƙaruwa a wajen ƙololuwa. Wanda ya saba da masallatan siminti na yau, masu fitowa kamar daga mazubi guda, zai fahimci dalilin da ya sa waɗannan hasumiyoyi suka ɗauki hankalin alƙalan gasar.

Ginin laka ba ya son sakaci. Damina na cin bango, saboda haka tilas a riƙa sabunta yaɓe da duba indararo, in ba haka ba tsagewa ta shiga. Ɗorewar masallacin ta rataya ga samun matasa masu koyon sana'ar a hannun tsofaffin magina.

Hannun Falke Barmu bai tsaya a Yama kaɗai ba. Tsohon masallacin Dandaji, shi ma a jihar Tawa, aikinsa ne. Da ginin ya tsufa, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasar yankin. An gama wannan aiki a 2018.